Ki Bar Shi Ya Shiga Bayan Rumbu

Zuwa ga ɗiyata Laraba,

Ina gaishe ki da gaisuwar uwa, a cikin sunan Ubangiji. Fatana wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ke da jakarki da kwamfutar nan da kike rungumewa kamar jinjiri. Allah ya tsare hanya, ya ba direba ido, ya raba ku da mugun ji da mugun gani. Da gangan na cusa takardar ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli. Na san halinki, da a tashar Zuru na miƙa miki ita da kin ce, "Mama kin fara," kin jefa ta aljihu. Yanzu kuwa sai kin ci kin ƙoshi za ki kai gare ta, kuma mai ƙoshi ya fi jin magana.

Labarin gida babu, ba ki daɗe da barinsa ba. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, kin kuma san ta. Ina zaune ina tsince wake ranar da matar nan ta kira ki, wadda ke ɗaukar ma'aikata a wurin da ake yi wa yara kartun. Kin buɗe muryar wayar, saboda haka kunnena ya ji komai. Ta ce, "Laraba, zanenki yana da rai, na ga gidan, na ga duwatsun. Amma sojan nan naki yawo yake a saman komai kamar an manna shi da gam. Yana taka rumbu, yana taka itace. Ki mayar da shi cikin garin, ya bi bayan abin da ya kamata ya bi bayansa. In kin iso ki nuna mini gyaran, a kansa za mu yanke ko ke ko wani." Kika ce mata, "To, Ma." Kina kashe wayar kika rufe kwamfutar, kika dube ni ido jajir kika ce, "Mama, ba zan sa shi bayan komai ba."

Matar ba ta san sojan nan Babanku ne ba. Ni na sani. Na ga yadda kika zana tafiyarsa, kafaɗar hagu ta ɗan sunkuya saboda jaka, har yadda yake jefa ƙafa. Na san kuma abin da kike tsoro: in ya shiga bayan rumbu ya ɓace wa idonki, ko da na ƙiftawar ido ne, kamar an sake ɗauke shi ne. Amma aikin nan kin sha wuya a kansa, ɗiyata, kuma ba zan zuba ido ki rasa shi ina da abin faɗa ba.

Kada ki ce tsohuwa me ta sani a kan kwamfuta. Ke kika koya mini, ina zaune kusa da ke a tabarma duk daminar nan. Kin ce ana jera zane ne hawa-hawa, abin da kuke ce wa leya. Sama da gajimare can ƙarshen baya, sai duwatsu, sai gonar dawa, sai ɗorawa, sai rumbu, sai kaji a gaba. Wanda ke bisa a jerin shi ke rufe na ƙarƙashinsa. Kin tuna da muke dawowa daga Dirin Daji a mota kika ce in duba taga? Itatuwan bakin hanya suna gudu, gonaki suna tafiya a hankali, duwatsu kuwa da ƙyar suke motsi. Kika ce haka ake yi a kartun don ido ya yarda akwai nesa akwai kusa. Na riƙe duka. Ban gaya miki ba ne kawai cewa na riga ki shiga wannan sana'a, tun kina cikin ikon Allah.

Sa'ad da nake koyarwa a makarantar Lahadi, ba mu da kwamfuta, allo muke da shi da aka lulluɓe da tsohon bargo. Hotunan kwali ne ake yankawa, a liƙa wa bayansu ɗan ƙyalle mai kaushi, in kin ɗora su a bargon sai su kama. Wata Lahadi zan ba yara labarin makiyayin da tunkiyarsa ta ɓace. Tunkiyar ni na zana ta da hannuna, na liƙa mata auduga, ta yi kyau har ina jin kaina. To da aka zo wurin da ta ɓata cikin ƙaya, sai na ga ba zan iya ɓoye wannan kyau ba. Na ɗora ta a kan kurmin, fara sol, kowa na kallo. Ina ta jan murya ina cewa makiyayi ya duba nan bai gani ba, ya duba can bai gani ba. Sai wata yarinya mai giɓi ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, makiyayin makaho ne? Ga tunkiyar nan!" Wayyo, Laraba, ajin ya tuntsire, har matar fasto da ke bakin ƙofa ta toshe baki da gyale. Darasi ya watse a nan, kunya kamar in nutse.

Lahadin da ta zagayo na sake ba da labarin. Na ɗaga kurmin, na tura tunkiyar ƙarƙashinsa, na bar ɗan bindinta kawai ya leƙo. Zo ki ga shiru. Yaran nan da ba sa zama wuri ɗaya suka kafa wa allon ido, wasu suna raɗa wa makiyayin, "Dama, dama!" Da na zaro ta, tafi suka yi. Tunkiya ɗaya ce, auduga ɗaya, wurin da na sa ta ne kawai ya canja. Don haka ki ji ni: abin da kike so ƙwarai shi ne hannunki zai riƙa turawa gaba ba ki sani ba. Duk lokacin da kika ga kin ɗora wani abu can bisa jerin, ki tsaya ki tambayi kanki, labarin ne ya sa shi nan ko son da nake masa.

Kuskure na biyu ba sai na tuna miki ba, amma zan tuna. Ranar da kika tafi kasuwa kika bar mini kwamfutar in yi wasa da kazar nan ta cikin zanenki, in ja ta gaba in ja ta baya. Na dubi jerin nan na gefe, dogo har ya wuce fuskar kwamfutar, sai halin matan gida ya motsa. Na ce yarinyar nan ba ta da tsari, bari in kintsa mata. Na ga inda ake tara su wuri ɗaya, na danna, na kuma adana yadda kika nuna mini, na rufe ina jin na yi abin yabo. Kika dawo kika tarar kaza ta manne da rumbu, rumbu ya manne da gona, gona ta manne da dutse, ba mai iya wucewa tsakanin wani da wani. Da kin yi mini faɗa da na fi jin sauƙi. Shiru kika yi, kika ce, "Ba komai Mama, ina da tsohon kwafi," alhali aikin kwanaki ne ya tafi. Ranar tuwona bai ciwu ba.

To ga abin da kan uwarki ya biya ya koya. Kada ki haɗe hawa-hawan nan sai aiki ya ƙare ƙarewa, kuma ko ya ƙare ki ajiye wanda ba a haɗe ba da wani suna, a wani wuri dabam. Ki ba kowane hawa sunan da wawa irina zai gane, "rumbu", "dawa ta gaba", "dawa ta baya", ba lamba ba. Can za ki yi aiki da wasu hannuwa, kuma a cikinsu ba za a rasa mai son kintsawa ba. In wani ya ɓata miki aiki da kyakkyawar niyya, ki faɗa masa a fili ki nuna masa daidai. Shirun nan naki yana da nauyi, ba kowa zai iya ɗaukarsa kamar ni ba.

Tunda na ambaci dawa, bari in tsoma baki. Na lura kin zana gonar a hawa ɗaya, shi ya sa Babanku ke tafiya a kanta kamar bisa tabarma. Wa ya taɓa ratsa dawa haka? Ke da kika yi noma a Manga wurin kawunki kin sani, ganye yana gabanki yana bayanki, yana shafar fuskarki. Ki raba gonar biyu, wasu karare a bayansa, wasu a gabansa su riƙa rufe ƙafafunsa. Ɗorawar ma haka, gindin ya rufe shi, rassan da ke can baya su zauna a baya. Inuwarsa kuma ki sa ta ƙarƙashin ƙafarsa, a kan ƙasa, kada ta hau jikin kaza. Mutum marar inuwa a gindinsa fatalwa ne, kuma Babanku ba fatalwa ba ne, ƙafarsa in ta taka ƙasa ana ji.

Na san za ki ce duk wannan kin fi ni sani. Gaskiyarki. Ba rashin sani ya hana ki ba, don haka bari in zo inda ciwon yake.

Da aka kawo mana labarin rasuwar Babanku daga arewa maso gabas, aka kawo akwatinsa da takalmansa, kin ga abin da na yi. Na ajiye takalman a tsakiyar ƙofar ɗaki. Mai shiga sai ya tsallake, mai fita sai ya raɓa. Kullum ina goge su. Ke kanki kin sha yin tuntuɓe da su da tiren abinci. Muka daɗe a haka, gidan ba a dariya, baƙi suna zuwa su tsaya daga waje. Wata safiya Kaka, uwar da ta haife shi, ta dogara sandarta ta zo, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauke su ta mayar bayan ƙyaure. Na yi tsalle kamar an watsa mini ruwan zafi, na ce, "Inna, me kika yi?" Ta ce, "Suna nan, ban jefar ba. Ɗana ne kafin ya zama mijinki. Amma a bar masu rai su wuce." Na yi fushi da ita, na daina kai mata kunu da kaina. Daga baya na gane ina ganinsu duk sa'ad da na rufe ƙofa zan kwanta, ni kaɗai, kuma hakan ya ishe ni. Yau ga shi kin gaji halina, kin ajiye Babanku a tsakiyar ƙofar aikinki. Ban ga laifinki ba, ɗiyata, a wurina kika gani.

Saura abu ɗaya, wanda shi ne dalilin takardar. Kin zana Babanku ya sauka daga mota a bakin hanyar Dabai, ya ratsa gona, ya wuce ɗorawa, ya wuce rumbu, ya shigo tsakar gida yana dariya, duk a tafiya ɗaya ba tsayawa. Haka kika gani kina ƙarama, don ku yara kullum a tsakar gida Kaka take tsare ku, tana cewa kada wanda ya motsa. Amma ba haka yake dawowa ba.

Ina amarya aka tura su aiki ƙasar waje, aka daɗe ba labari. Ranar da aka ce ga shi nan ya sauka, mata sun cika gida, an fara guɗa. Na hango shi daga nesa, na ga ya ratso gona, ya shiga bayan babban rumbu, sai bai fito ba. Jira nake, jira nake. Ƙuruciya da ɗoki suka kwashe ni, na ruga da gudu na zagaya. Na tarar da shi zaune a ƙasa, ya jingina da bangon rumbun, hularsa a hannu. Fuskar da na gani ba ta mijina ba ce, Laraba. Ban san me idonsa ya gano a can ba, bai taɓa faɗa ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Maimakon in ja da baya, sai na kama hannunsa ina cewa, "Tashi mana, jama'a na jira!" Na jawo shi har tsakiyar mata, da wannan fuskar, da takalman yaƙi a ƙafarsa. Guɗar ta mutu a bakin masu yi. Ya gaisa da kowa kamar baƙo, ya shige ɗaki. Hutun nan duka da ƙyar na ji muryarsa, kuma ya koma bakin aiki bai yi dariya a gidan nan ba.

Bayan ya tafi Kaka ta kira ni. Ta ce, "Amarya, zauna. A gidan nan bayan rumbu na mai dawowa ne. Kakansa da ya dawo daga yaƙin Turawa nan ya zauna, ubansa ma haka. Wanda ya fito daga inda ake mutuwa ba a tarbarsa a hanya, ba a kuma leƙa shi. Ki ajiye masa ruwa ki yi tafiyarki. In ya gama zai fito da ƙafarsa." Na yi kuka har na gode Allah. Tun daga ranar na kafa ɗan tulu a bayan rumbun, na mirgino dutse mai faɗi na zama. Duk dawowar da ya yi bayan haka, sai ya tsaya nan. Ya zauna, ya kwance takalma, ya wanke fuska da ƙafafu, ya daɗe yadda yake so. Mu muna tsakar gida ba ma ganinsa, sai dai ruwan da ke gangarowa ta gindin rumbu, kaji suna bi suna sha. In na ga ruwan nan sai in ce a raina, ya iso. Can sai ya ɓullo ƙafa ba takalmi, takalman a hannu, yana fito da baki, ke kuma ki kwasa da gudu ki maƙale wuyansa. Wannan mutumin mai dariya da kika zana, a bayan rumbu yake samo shi ya kawo miki.

Kin gani ke nan, in kika hana shi shiga bayan rumbu, kuskurena kike maimaitawa, kina jawo shi gaban jama'a da takalmansa. Ki sauko da shi ƙarƙashin rumbu a jerin nan naki. Ki bar shi ya shiga, ki bar shi ya daɗe ma fiye da yadda tafiya za ta ci. Kada ki ji tsoro masu kallo su ce ya ɓace. Ki yi musu abin da na yi da bindin tunkiya: kan inuwarsa ya leƙo a ƙasa ta gefe, a ji ƙarar ruwa, sai siririn ruwa ya gangaro ta ƙarƙashin rumbun, a kan ƙasa amma a bayan kaji, su juya su bi shi. Da bakinki kika gaya mini cewa bayan abu shi ne inda masu kartun ke canja zane ba a gani. To ki zana shi biyu. Mai takalmi da kafaɗa a sunkuye ya shiga ta hagu, marar takalmi ya fito ta dama. Ni ba sai kin zana ni ba, tulun ma ba sai an gan shi ba.

Na san ba a fafe gora ranar tafiya, kuma na makara da wannan magana. Na so in faɗa miki baki da baki, sau da yawa na buɗe baki sai in ga idonki in fasa. Amma hannunki da sauri, gyaran ba zai gagare ki ba in zuciyarki ta yarda. In kuka ya zo miki kina yi, ki yi abinki, ki share ido ki ci gaba. In matar ta tambaye ki me ya sa sojan ya daɗe a baya, ki gaya mata gaskiya a taƙaice, ba abin kunya ba ne. In ta ɗauke ki, mun gode Allah. In ba ta ɗauke ki ba, ki tabbata dai ba don kin ƙi gyara ba ne, wannan shi ne zai dame ni.

Sauran kin san su. Ki ci abinci a kan lokaci, ba ƙuli-ƙuli da ruwa ba. Ki riƙa ɗaga ido daga kwamfutar nan kina duba nesa, ido ba a sayensa a kasuwa. Ki gaida manya da yarenmu in kin haɗu da mutanen gida, kada Turanci ya cinye miki harshe. Ki nemi majami'a tun makon farko. Maƙwabtanki ko wane addini suke yi ki zauna da su lafiya, kamar yadda muke zaune da Fulanin da ke kawo mana nono.

Kuma ki ji wannan da kyau. Birni ba filin yaƙi ba ne, amma yana da nasa duka, wata rana za ki dawo gida da fuskar da ba ki so in gani. Tulun yana nan inda yake, ban taɓa ɗauke shi ba, jiya ma na wanke shi na cika. Dutsen ma yana nan. Duk ranar da kika sauka daga mota kika ji ba ki shirya ba, kada ki yi ƙoƙarin yi mini dariyar dole. Ki ratso gona, ki shiga bayan rumbu, ki zauna ki daɗe yadda kike so. Ba zan leƙo ba, na koyi darasina. Ina tsakar gida ina kallon gindin rumbu, in na ga ruwa ya gangaro zan ɗora tukunya.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a hannunki da idonki. Kaka tana gaishe ki, ta ce in an gama a kawo mata ta ga ɗanta yana tafiya. Allah ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Hannatu
Dabai